Faifan Mama a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano mutane ba su bar ni na huta ba. Malamai 'yan'uwana a makaranta, matan zumunta a coci, har mai sayar mini da tumatir a kasuwar Samaru, tambayarsu ɗaya ce: "Malama Rifkatu, yaya ƙasar take? Da gaske atamfa kamar kyauta? Kin ga teku?" Na ga teku, ta tagar mota. Atamfa kuwa ko falle ɗaya ban sayo ba, kuma na lura hakan bai yi wa wasu daɗi ba. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi a ƙofar coci, in fara, ban yi nisa ba in ce sai wani jiƙon. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Faifan garmaho na je nema, guda ɗaya tak.

Babanmu, Malam Yohanna, ya yi aikinsa har ya yi ritaya a gonar gwaji a nan Samaru. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, amma duk ƙarshen wata sai ya hau kekensa zuwa shagunan PZ da ke Sabon Gari ya dawo da faifai ɗaure a baya. Ya tara akwatin ƙarfe biyu cike. A wancan zamanin faifai abin aro ne. In za a yi biki ko Kirsimeti sai a aiko a ce Malam ya taimaka, kuma rabin abin da ya fita ba ya dawowa. Saboda haka Baba ya ɗauki ɗabi'ar rubutu da jan biro a kan takardar tsakiyar kowane faifai: "Na Yohanna Samaru ne. A dawo da shi."

Akwai ɗaya da ko fasto bai isa ya ara ba. Ina goye aka kwashi matan zumuntar cocinmu zuwa Kaduna aka ɗauki waƙoƙinsu da ganga da tulu da kacau-kacau, aka buga faya-fayai kaɗan aka rarraba. Mamanmu, Saratu, ita ce ta ja waƙa ta uku. Ni ce kuma na ɓata shi. Ina da shekara biyar, ina bin ƙanena Bulus da gudu, na bangaji teburin garmaho, allura ta karce faifan. Baba bai taɓa ni ba, amma ya yini bai yi mini magana ba. Daga ranar, duk lokacin da Mama ta kai inda take cewa "ko hanya ta yi nisa, ina tafe," sai allura ta maƙale, ta yi ta maimaita "ina tafe, ina tafe, ina tafe." Sai Baba ya ɗaga murya ya ce, "To ki ƙaraso mana, Saratu, tuwo na hucewa!" sannan ya taɓa kan allurar da yatsa, waƙa ta ci gaba. Mama takan yi tsaki daga ɗakin girki, mu kuma mu yi ta dariya kamar yau muka fara ji.

Bana shekara goma sha ɗaya da rasuwar Mama. Baba bai daina ba. Kowace Lahadi bayan sujada sai ya sa faifan, ya jira wurin, ya faɗi maganarsa. Bambancin kawai, yakan bar ta ta ɗan daɗe tana cewa tana tafe kafin ya miƙa hannu.

Bara hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, amma idanu sun tafi, tunani ma yana zuwa yana komawa. Muka yanke shawara ya dawo gidana. Ina asibiti da shi, Bulus ya zo daga Jos ya kwashe kayan gidan hayar da Baba yake ciki. Ya kawo mini garmahon, da gado, da Littafi Mai Tsarki, akwatunan nan biyu kuwa ya kira wani a Sabon Gari ya sayar masa da su a kan abin da bai wuce kuɗin buhun masara biyu ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "Haba Yaya, ai yanzu komai yana cikin waya." Abin da na faɗa masa ranar ba zan rubuta shi ba, don na riga na nemi gafara a kansa.

Lahadin farko Baba ya ce, "Rifkatu, a sa mana Saratu." Na ce allura ta lalace, an kai gyara. Lahadi shida ina yi wa tsoho makaho ƙarya da bakin da na gama waƙar yabo da shi. A ta shidan bai ma yi gardama ba, ya ce kawai, "Mai gyaran nan ba ya tsoron Allah," ya juya fuska bango, abincin ma bai ci ba.

Wanda ya sayi kayan, Oga Emeka, yana da shagon gyaran rediyo a wani lungu a PZ. A unguwar Jushi a nan Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya dafe kai.

"Kai, Malama! Da kin zo wata biyu baya. Wallahi na san babanki, a shagon babana yake sayen allura. Amma kayan sun wuce. Akwai wani Kojo da yake zuwa daga Kwatano sau biyu a shekara, shi yake kwashewa."

"Me zai yi da tsofaffin faya-fayai?"

"Turawa ke saye. Abin da muka zubar jiya, yau shi ne kuɗi. Akwai faifan da in kika samu mai kyau, ya fi albashinki."

Ya kira lambar Kojo a gabana, ta shiga. Mutumin ya ce kayan Zariya suna nan bai gama tantancewa ba, amma faya-fayai dubbai ne a wurinsa, ba zai iya neman ɗaya ta waya ba, in ina so in zo in duba da kaina. Ina jin ya faɗi hakan ne don ya rabu da ni. Bai san 'yar wa yake magana da ita ba. Hutun makaranta ya kusa, ina da fasfo ɗin da na yi don ziyarar Urushalima da ba ta yiwu ba. Bulus ya aiko da kuɗin mota ba tare da na roƙa ba, matarsa kuma ta zo ta zauna da Baba. Na ce wa Baba zan je karɓo allura. Ya ce, "Har ina?" Na ce da ɗan nisa.

Mun tashi daga tashar Sabon Gari da sassafe a bas mai cin mutum goma sha takwas, wadda aka cusa mana mu ashirin da buhunan albasa. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da Hajiya Indo, 'yar Tudun Wada, mai fataucin atamfa, wadda ta san hanyar Kwatano kamar hanyar gidansu. Kafin mu kai Kaduna ta san sunana, da aikina, da cewa mijina ya rasu, da kuma cewa takalmin da na sa ba na tafiya ba ne. Da na gaya mata abin da zan je yi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke yanzu duk wannan uwar tafiyar saboda faifai? Ba ki da kaset ɗinsa?"

"Babu, Hajiya."

"Ikon Allah. To ni dai ban taɓa raka mai neman murya ba, amma mu je."

Daga nan ta ɗauke ni kamar kayanta. In an tsaya salla ni ke riƙe mata jaka, in zan sayi abu ita ke yin ciniki. A Lakwaja na sayi soyayyen kifi na ci da marmari, tun kafin Okene cikina ya fara ƙugi. Sau uku ina tsayar da mota, direba yana mita, wani fasinja yana cewa a bar ni in biyo ta baya. Hajiya Indo ta tashi tsaye, gwargwadon yadda mutum zai iya tsayuwa a cikin bas, ta tambaye shi ko shi ba mace ce ta haife shi ba. Ta jiƙa mini kanwa a robar ruwa ta ce in shanye. Ban san ko kanwar ce ko kunya ba, amma cikin ya lafa.

A Ibadan muka kwana, a unguwar Sabo, ɗakin wata ƙawarta mai tuwo-tuwo. Matar ta ji sunana ta ce, "Rifkatu? Amma kin iya Hausa." Na ce ai ba ni da wani yaren, kakana ma a ƙasar Zazzau aka binne shi. Ta yi ta mamaki, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga Bahaushiya mai zuwa coci. Na saba da wannan tun ina ƙarama, ba ya ɓata mini rai sai in na gaji, ranar kuwa na gaji. Amma ta ba ni tabarmarta mafi kyau, da safe kuma ta dama mini kunu saboda cikina.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, domin ban gan ta ba. Bayan motar da ke gabanmu na yi ta kallo na awa huɗu. Daga nan muka kama hanyar Badagiri, inda shingen masu kaki ya fi ramukan titi yawa, har muka isa iyaka a Seme da rana tsaka. Hajiya ta riga ta gargaɗe ni: in an tambaye ki, ki ce ziyara, kada ki ƙara ko kalma ɗaya. Na ce to. Amma da jami'in ya buɗe fasfo ɗina ya ce me zan je yi, sai na ji bakina ya ce, "Mahaifiyata zan je nema."

"Tana wace unguwa?"

"Ta rasu."

Ya ajiye biro ya dube ni. Hajiya ta mintsine ni a baya har sai da na yi ƙara. Dole na tsaya na yi bayani tun daga farko, da Turancin aji, mutane suna jira a layi. Da na gama, mutumin ya ce shi ma babansa yana da irin waɗannan faya-fayan a ƙauye, bai san inda suke ba yanzu. Ya buga hatimi ya miƙo mini. Sai da muka canji kuɗi muka shiga mota, sannan Hajiya ta ce, "Malaman makaranta dai ba ku iya gajeriyar amsa ba."

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kwatano shi ne babura. Mu a Zariya muna cewa 'yan acaɓa sun yi yawa, to mu yi shiru. Can kamar an fasa gidan tururuwa, kowane direba da rigarsa ruwan ɗorawa mai lamba a baya, mata da manyan kaya suna hawa ba ko riƙewa. Na hau na farko na sauka ta ɓangaren da bai kamata ba, salansa ta ƙone ni a ƙauri. Tabon yana nan, shi ne tsarabar da na kawo wa kaina.

Mun sauka a Zango, unguwar Hausawa, gidan yayar Hajiya. Hausarsu ta yi kama da ta mutanen Nijar, makaranta lakwal ce, ni kuma da suka ji aikina sai suka koma kirana Madan. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri, na ɗauka ya kwana ne ashe haka ake son sa. An kawo mana wani farin abu a ganye da suke kira akasa, ɗan'uwan agidi, da kifi da miyar barkono wadda ta sa na tuna Lakwaja na janye hannu. Suna da wata al'ada da ta ba ni haushi da farko: rana na take tsakiya sai a rufe shaguna a tafi cin abinci da barci, ba a buɗewa sai wajen ƙarfe uku. Mu da muke cin abinci a tsaye a bakin allo, na ce waɗannan ba su san wahala ba. Kwana biyu da na yi, na fara tunanin ko mu ne ba mu san daɗi ba.

Wannan al'adar ce ta sa muka yi zaman awa biyu a ƙofar Kojo washegari, don mun isa daidai ya rufe. Da ya zo sai na ga dattijo ne siriri mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Yawon sayen faya-fayai a Arewa ya koya masa Hausa 'yar daidai, inda ta ƙare masa ya cika da Turanci. Ya yi mamaki ƙwarai da na zo.

Ɗakin nasa ya fi ofishin hedimastanmu sanyi, don na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa saboda kayan. Faya-fayai ne jere a tsaye daga ƙasa har rufi, kowanne cikin leda. Ya nuna mana yadda yake aikinsa. Yakan zaro faifai ya riƙe shi ta gefe da tafin hannu, ba ya yarda yatsa ya taɓa fuskarsa, ya karkata shi a ƙarƙashin fitila yana duban karce. Wanda yake sumul yana sheƙi ya tafi dama. Mai ɗan zane kaɗan ya tafi tsakiya. Wanda ya sha allura har ya yi fari-fari, ko aka yi rubutu a kansa, ya tafi kwandon da ke ƙasa.

"Na Malam Yohanna na san su," ya ce. "Jan biro. Kowane ɗaya jan biro! Madan, babanki ya sa ni kuka. Yana da kaya masu kyau, amma ya ji su da yawa."

"Ya ji su da yawa kamar yaya? Ba don a ji aka yi su ba?"

"Don a ji aka yi su. Amma mai saye yana son wanda ba a ji ba."

Ya yi mini bayani a hankali, ba da wulaƙanci ba. Masu tara faya-fayai a Turai da Japan suna biyan kuɗi ne a kan abu biyu, ƙarancin faifan da kuma tsabtarsa. Faifan da aka buga kaɗan, aka ajiye a akwati aka manta da shi, shi ne mai tsada. Wanda aka yi rawa da shi a biki, aka ara, aka dawo da shi, aka sa kowace Lahadi, wannan ba shi da kasuwa. Hajiya Indo ta ce, "To ai mu ma a atamfa haka ne, wadda aka ɗaura ba ta komawa shago." Ni dai kwandon nan kawai nake kallo.

Mun juye shi a ƙasa mu uku. Na ga rubutun Baba a kan faifai ya fi talatin, kowanne yana roƙon a dawo da shi. Na Mama ba ya ciki. Kojo ya sosa kai ya ce kwandon farko ya riga ya ba maƙwabcinsa, mu zagaya baya.

Maƙwabcin wani magidanci ne mai sana'ar hannu. Yana da murhun gawayi da wani kwanon ƙarfe a kife. Yakan ɗora faifai a kan kwanon, ya kusantar da shi ga zafi har ya yi laushi ya lanƙwashe, ya zama tasa mai baki kamar fure. Wasu kuma ya sa musu hannun agogo. Masu otal na bakin teku suke saye, suna zuba makullai ko alewa a ciki. Tasoshin suna jere a kan tebur, wajen hamsin. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙa cikinsu, ina addu'a kada in samu. Na same shi a layi na biyu. Takardar tsakiyar ta ɗan ƙone a gefe, amma sunan cocinmu yana nan, jan biron Baba yana nan. Na sa yatsa na lalubi karcen da na yi ina 'yar shekara biyar, na ji shi a jikin lanƙwasar.

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji Hajiya tana kare ni da mayafinta daga idon mutane, tana cewa, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, yi haƙuri." Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Mama, don ranar ni ce mai raba wa baƙi abinci. Mai sana'ar ya ruɗe, yana ta magana da Faransanci. Kojo ya ce yana cewa bai sani ba, in ɗauka kyauta. Na ɗauka. Me zan ce masa? Shi ma abincinsa yake nema.

Da muka koma ɗakin sanyi, Kojo ya karɓi tasar ya karanta takardar da tabarau, sai ya ce in dakata. Ya hau tsani, ya daɗe yana bincike, ya sauko da faifai cikin leda biyu. Kwalin ma ban taɓa ganin sa ba, don namu ya yage tun kafin in yi wayo. Ga hoton matan zumunta a jere da ɗankwali iri ɗaya, ga Mama ta uku daga hagu, siririya, ba ta kai shekarun 'yata ta fari a yanzu ba. Ya ce daga kayan wata tsohuwar baturiyar mishan ya fito, an ba ta kyauta ta ajiye, da alama ko sau ɗaya ba ta sa shi ba. Wani mutum a Jamus ya riga ya biya, saboda kiɗan tulun da ke ciki, sati mai zuwa za a aika masa. Na tambayi nawa. Da ya faɗa, Hajiya ta mayar da shi naira a ka, ta ce, "Innalillahi." Ya fi albashina na wata biyar, kuma ko ina da su an riga an sayar.

"Ba na sa shi," in ji Kojo. "Kowane sawa yana rage shi. Amma yau zan sa sau ɗaya."

Ya goge allura da ɗan buroshi, ya haɗa na'urarsa da kwamfuta don ya ɗauka mini. Ban taɓa sanin muryar Mama haka take ba. A namu kullum tana fitowa ne ta cikin ƙara kamar ana suya a kusa. A nan kuwa har jan numfashinta na ji kafin ta ɗauki baiti. Hajiya Indo, wadda ba ta taɓa shiga coci ba, ta share ido ta ce, "Allah ya ji ƙan wannan baiwar Allah, ta iya waƙa." Kojo ya zuba mini a waya, ya ƙara da hoton kwalin, ya ƙi karɓar ko sisi. Na fito ina ganin tafiyata ta yi riba, har na ce wa Hajiya wannan ya fi wanda ya ɓata.

Dawowa ba ta da labari, sai dai Hajiya ta cika motar da dilolin atamfa har na yi tafiyar da ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Mun rabu a tashar Sabon Gari, ta ce in gaishe da Baba, in gaya masa Indo ta ce ya yi dacen 'ya. Ranar Juma'a na iso. Tasar na naɗe ta cikin tsohon zanen Mama na sa a ƙasan akwatina, ko Bulus ban nuna wa ba.

Ranar Lahadi Bulus ya zo daga Jos da 'yar lasifika. Muka dawo daga sujada, muka zaunar da Baba a kujerarsa kusa da garmaho, muka ɓoye lasifikar a bayansa. Na ɗaga murfin don ya ji ƙararsa, na ce, "Baba, an samo allura." Fuskarsa ta washe. Ya gyara zama, ya ɗora hannun dama a gefen teburin, inda ya saba ajiye shi.

Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, yana kaɗa kai. Ya ce, "Allurar nan sabuwa ce, ta yi kyau." Bulus ya dube ni yana murmushi, idonsa ya kawo ruwa. Sai Mama ta ɗauki ta uku. Na ga Baba ya ɗaga yatsa ya riƙe shi a sama, ya ja numfashi, bakinsa ya buɗe yana jiran wurinsa. A lokacin ne kawai na gane abin da na yi, kuma babu sauran lokacin gyarawa. Mama ta ce ko hanya ta yi nisa tana tafe, sau ɗaya, ta zarce baiti na gaba, matan zumunta suka amsa mata.

Yatsan Baba ya daɗe a sama. Har waƙar ta ƙare bai sauke shi ba.

"Rifkatu."

"Na'am, Baba."

"Ba ta tsaya ba."

Na ce bari in mayar da shi baya. Bulus ya ce akwai yadda za a yi da kwamfuta a sa wurin ya riƙa maimaitawa, zai kai wa wani a Jos, ba zai ɗauki kwana biyu ba. Baba ya girgiza kai, ya sauke hannunsa a hankali ya ɗora a cinya.

"Ku bar ta," ya ce. "Shekara nawa ina tsayar da ita. Ta gaji da jirana."

Yanzu wata huɗu ke nan. Yana cin abinci, yana shan magani, in jikoki sun zo yana yi musu wasa. Kowace Lahadi in mun dawo daga sujada nakan zauna kusa da shi da wayar a hannuna, ko zai ce a sa. Bai sake tambaya ba.